Mai Cin Takarda

Ni kafinta ne, a Ɗan Gulbi,
gado nake yi, da benci, da tagar makaranta.
Ranar da Kofur Barira ta shigo da dogon buhu
ta kwance bakinsa bisa teburina,
na ja baya har na taka gwangwanin gam.

Na ce, Kofur, ba aikina ba ne.
Tun daren da aka kore shanun ƙanena a Gabi
kunnena bai shirya da muryar nan ba.

Ta nuna takardar izini, hatimi biyu.
Ta fiddo wata, mai baƙin ido a tsakiya,
huji biyar warwatse kamar awakin da ba makiyayi.
Ta ce, Baba Ilu, wannan takarda kaɗai take ci,
ita ɗin ma ba ta iya ci ba.
Gasa saura wata biyu.

Bindiga ce mai sakata, irin ta ƙofar zaure:
a ɗaga, a ja, a tura, a kwantar.
Masana'anta ta yi su dubu a yini,
kafaɗa ɗaya ta auna musu duka,
kuma ba kafaɗar Barira ba ce.

Ƙarfe na Ajidan Tankari ne, can bariki.
Shi ya lallashi kunama har ta bar gardama,
shi ya ɗaura madubin hange,
yana juya kusoshi kamar mai ɗaura wa jariri laya.
Ni itace aka bar mini.

Na sare yatsa biyu daga gindin ƙota.
Na ɗora tsinin maɗaci inda kunci ke kwanciya,
ta gwada, ta ce ya yi tudu.
Na goge. Ta ce ya yi kwari.
Na ce, 'yar nan, ko amarya ba ta wahalar da ni haka a kan gado ba.
Ta yi dariya, ta biya shayi.

Sai kwarin da bututu ke kwana.
Tankari ya aiko da saƙo:
kada itace ya taɓa ƙarfe, ko da gaisuwa,
don ƙarfe in ya yi zafi rawa yake yi,
mai rawa kuwa ba ya son a riƙe masa riga.
Kwana huɗu ina yashewa,
da magagari, da sanfefa, da haƙuri,
har takardar jika ta shige tsakaninsu
ta fita can ƙarshe ba ta ji ciwo ba.

Damina ta sauka, itace ya sha raɓa, ya kumbura,
jika ta maƙale.
Muka koma farko.
Na shafe ciki da waje da mai, na shanya a inuwa,
na hana almajiran shagona ko kallo.

Ranar gasa ban je ba.
Ina fere ƙafar kujera na ji ta daga nesa,
tau,
shiru mai tsawo,
tau.
Na tsinci kaina ina riƙe numfashi tsakanin biyun,
ni da ban taɓa ɗana komai ba sai tarkon ɓera.

La'asar ta zo a babur, kaki duk jar ƙasa.
Ta biyu ta zo. Wani ɗan Tasawa ya sha gabanta.
Ta shimfiɗa takarda inda ta taɓa kwance buhu,
ta ɗora ƙwandalar dala biyar:
huji huɗu suka ɓace ƙarƙashinta.
Na biyar yana gefe, shi kaɗai, kamar mai fushi.

Na ce, wannan fa, itace ne?
Ta ce, a'a, Baba.
Wannan zuciyata ce, ta riga ni murna.

Na kafe takardar da ƙusa sama da zartuna.
Jiya wani ya zo sayen benci, ya ɗaga kai,
ya ce, Ilu, gara ta shigo maka shago.
Na ce, ƙwarai.
Amma dubi yadda ta iya ci.